Ranar da Usta Ya Jinginar da Saniyar Indo

Duk wanda ya taɓa zama shan shayi a gindin dalbejiyar Hillat Bawa, can yamma da Managil a ƙasar Sudan, ya san Abdulmuttalib, ko yana so ko ba ya so. 'Yan watanni ya yi yana kumsari, wato mai karɓar kuɗin fasinja, a wata motar haya da ke kai da kawo tsakanin Managil da Madani. Da direban ya gaji da surutunsa ya sallame shi, sai ga shi ya dawo gida da lasin tuƙi a aljihu da sabon suna, wai Usta, sunan da ake girmama ƙwararrun direbobi da shi. Ba wanda ya raɗa masa, shi ya raɗa wa kansa. A gaskiya ya iya tayar da mota, ya iya sa ta ta tafi gaba. Tsayawa ce da komawa baya ba su taɓa shiri da shi ba. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse shi ya koya wa mota tafiya.

Matarsa Indo kuwa ba lasin gare ta ba, saniya gare ta. Farar saniya ce irin ta Kenana, mai yawan nono, wadda mahaifinta Malam Sa'id ya ba ta tun tana 'yar maraƙa. Ɗiyar Baba take ce mata. Da nonon nan ake shayin gidan, da shi ake sayen sabulu da littattafan 'yarsu Rayan. Ka taɓa Indo ta yafe maka, amma kada Allah ya sa ka taɓa saniyar nan.

To, sai labari ya zo cewa Malam Sa'id ya sauke farali, ya zama Alhaji, kuma ranar Alhamis zai sauka a tashar Managil. Gida ya ɗauki harama. Aka shafe ƙofar gidansa da farar ƙasa, aka zana jirgin sama da koren fenti, aka rubuta barka da dawowa da Larabci. Tahir, ƙanen Indo, ya wanke karonsa, keken jakin da yake dako da shi, ya ce shi zai ɗauko tsohonsa.

Usta ya dangwarar da kofin shayi. "A karo? Mutumin da yas sauko daga jirgin sama za ka ɗora bisa keken jaki? Kai Tahir, ba ka da tausayi. Alhaji cikin farar arabiyya za shi shigo garin ga, mai sanyi ciki, kuma ni ad direba."

"Wace arabiyya?" in ji Tahir, don haka suke ce wa mota a can. "Ta bakinka? Wagga kam ta hi kowace gudu, ko mai ba ta sha."

Gindin dalbejiya ya kwashe da dariya. Usta ya miƙe, ya kaɗe jallabiyarsa, ya ce ranar Laraba kowa ya wanke idonsa da kyau.

Laraba da hantsi ya dira a shagon Hashim, wani dogon Balarabe mai sanyin magana da ke ba da hayar motoci a bayan kasuwar Managil, yawanci ga masu biki. Usta ya zagaya motocin yana shurin tayoyi kamar mai saye, har ya tsaya a kan wata fara mai ƙyalli. Suka yi ciniki da Larabci, suka daidaita.

"Me za ka bari jingina?" in ji Hashim.

"Sunana."

"Sunanka yana da kyau, ya Usta, amma ba ya sayen fitilar mota."

Usta ya lalube aljihu, ya lalube tunani. Gonar da yake nomawa ba tasa ba ce, gidan da yake ciki na gado ne. Sai ya zaro waya ya nuna hoton Ɗiyar Baba tana tuƙa a inuwa. Ya san sarai ta wace ce. Amma da ya tuna dariyar jiya sai ya dake ya ce, "Ɗaya daga cikin shanuna."

Hashim ya ƙura wa hoton ido, ya gyaɗa kai, ya kira mai shayin ƙofar shago ya zama shaida.

"Saura ta'amin," in ji shi, wato inshora. "Kai za ka zaɓa. Akwai shamil: in ka yi wa wani ɓarna kamfani ya biya shi, in motar ta ji ciwo kamfani ya gyara ta. Da ɗan tsada. Akwai taraf talit, na mutum na uku: a biya wanda ka yi wa ɓarna, amma motar kanta ba ruwan kamfani da ita. Kuma tunda damina ce, ƙauye za ka, akwai ɗan ƙari da ake yi saboda hanyar da ba kwalta."

"Tsaya, tsaya. Shamil ɗin nan, nufinsa ni Abdulmuttalib zan ƙwarzane mota?"

"Ba a ce za ka yi ba. An ce in ya faru."

"Ya faru da wa? Ya zol, bawan Allah, ni na tuƙa tirela daga Bur Sudan har Damazin da hannu ɗaya, ɗayan ina ɓare gyaɗa. Shamil na masu koyo ne. Ba ni na mutanen nan, na masu kyauta, wanda ke biyan jama'a."

"Ƙarin hanyar ƙauye fa?"

"Laka ta san ni, na san ta."

Hashim ya dubi mai shayi, mai shayi ya dubi sama. "To ka ji da kunnenka," in ji Hashim. "In motar nan ta dawo da ko ƙwarzane ɗaya, saniyarka ce shamil ɗinka."

Usta ya karɓi makulli yana dariya. Abin da ya rage masa na kuɗin shamil ya shiga kasuwa ya sayo koren yadi mai yawa don ado, ya kuma yi hayar lasifika aka ɗaura masa a saman motar.

Allah ya taimake shi hanyar ta miƙe, kuma rana ta busar da ita. Da la'asar sai ga farar mota ta shigo Hillat Bawa, lasifika na tashi, mutane na fitowa daga gidaje baki buɗe. Usta ya fito da gwiwar hannu ta taga, yana ɗaga wa kowa yatsu. Yana cikin neman fuskar Tahir a cikin taron ne ya manta cewa mota tana da birki. Ƙwas! Randar Iya Lami, wadda take ajiyewa a ƙofar gida don masu wucewa su sha ruwa, ta tarwatse.

Iya Lami ta fito da muciya a hannu. "Wane marar ido na wanga? Randata! Randar da ta girmi uwarka!"

Usta ya fito yana murmushi, ko a jikinsa. "Iya, kwantar da hankalinki. Wagga arabiyya tana da ta'amin. Duk abin da tat taɓa, kampani shi ka biya, sabo dal. Randa za ki samu wadda ta hi wagga."

Iya Lami ta sauke muciya a hankali. "Kac ce duk abin da tat taɓa?"

"Duka. Ni naz zaɓi wanga da kaina, don jama'ata."

Idanun jama'a suka fara haɗuwa. Shi kuwa Usta ya lura randar ta bar wa gaban motar wani ɗan lotsi. Ya yanko koren yadi ya ɗaura a wurin, ya ce ado ne.

A gida Indo ta zagaya motar, ta leƙa ciki, ta ce, "Abu Rayan, ta yi kyau wallahi. Amma mi kab bar ma mai ita har yab ba ka?"

"Sunana."

"Ikon Allah. Ashe Managil ba su san ka ba."

Ta wuce ta tatsi saniyarta. Usta ya bi ta da kallo, ya ga Ɗiyar Baba ta ɗago kai tana dubansa, sai ya kau da fuska ya shige ɗaki.

Wayewar garin Alhamis ya sha wanka, ya naɗa rawani, ya fesa turare, ya buɗe ƙofar gida. Nan ya tsaya cak. Lungun nan nasu, tun daga ƙofarsa har bakin hanya, ya koma kasuwar tsofaffin kaya. Tukwane masu tsaga an jera su a tsakiyar hanya. Ga gadon igiya mai ƙafa uku, ga rediyon da ya yi shiru tun zamanin kakanni, ga wani firji da aka daɗe ana ajiye albasa a ciki. Wata mata ta ɗaure tsohuwar kazarta da ta daina ƙwai a kan turke, daidai inda taya za ta bi. Alamin maƙwabcinsa kuwa yana tsaye kusa da katangarsa da ruwan bana ya karkatar, yana yafito shi da hannu biyu kamar mai nuna wa jirgi wurin sauka.

"Usta, barka da asuba! Ɗan matso nan kaɗan, ka ɗan goge ta kawai, ita za ta ƙarasa da kanta."

Da wani mai hankali ne, da ya koma ɗaki ya kulle ƙofa. Usta kuwa ƙirjinsa ne ya buɗe. Tunda aka haife shi ba a taɓa jiransa haka ba.

Da farko ya yi ƙoƙarin kaucewa. Ya tsallake tukwanen, sai mai su ta biyo shi da gudu tana bugun gilashi.

"Usta, ka tsallake ni! Randar Iya Lami ta hi tukwanena daraja? Ko don ni ba danginku ba ta?"

"Subhanallahi, wa yac ce haka?" Ya sa giyar baya don ya gyara zumunci. Baya kuwa, an faɗa, ba ta taɓa shiri da shi ba. Maimakon tukwane sai ya samu firji. Mai firji ya ɗaga hannu sama yana hamdala, mai tukwane ta ce an yi mata son kai. Usta ya yi gaba ya taka tukwanen, ya haɗa da gadon igiya don kada a ce ya bar wani. Kazar nan ce kaɗai ta fi mai ita wayo, ta tsinke igiya ta haye danga.

"Saura ni!" in ji Alamin.

Usta ya ɗan goge katangar, kamar yadda aka roƙa. Katanga ta yi tunani, ta ga ba cikin gida za ta faɗi ba, sai ta zubo wa motar a ƙofar baya. Mata suka rangaɗa guɗa. Alamin ya rungume Usta ta taga, ya ce wannan karon da jan bulo zai gina.

Kowane lotsi ya samu koren yadinsa. Madubin gefe da ya karye aka naɗe shi, fitilar baya aka lulluɓe ta, ƙofar da katanga ta samu aka yafa mata mayafi guda. Kafin su fita lungun yadi ya ƙare, sai wasu suka yanko ɗanyen karan dawa daga gona aka soka a duk inda ya rage. Motar da ta shigo fara ta fita kore shar.

Tahir, da ya ɗaura jakinsa zai bi baya don ɗauko kayan Alhaji, ya matso taga. "Mijin yaya, na ji kampani na biyan kowa. Ita arabiyyar wa ka biya mata?"

"Kai dai ja jakinka. Maganar manya ta."

Ya faɗa da ƙarfi, amma tambayar ta tsaya masa a rai. Ya lallashi kansa cewa lotsi ai bugawa ake yi ya fito, kuma Hashim mutum ne mai sanyin hali.

A Managil ya zagaya ta bayan masallaci don kada ya bi ta gaban shagon Hashim. Alhaji Sa'id ya sauko daga bas cikin farar jallabiya, ya rame kaɗan, fuskarsa na haske, yana rungume da jarkar ruwan zamzam da ya hana kowa taɓawa. Usta ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe masa ƙofar gaba, don ta bayan ta daina buɗuwa.

Alhaji ya dubi motar sama da ƙasa. "Abdulmuttalib, wagga mota ta ko gona?"

"Ado na, Baba Alhaji. Haka aka yi ma manyan baƙi yanzu."

"To, Allah shi kai mu lahiya."

Suna hanya hadari ya taso, aka sheƙa ruwa na ɗan lokaci aka ɗauke. Wanda ya san ƙasar Jazira, wato yankin nan nasu, ya san abin da ruwa kaɗan ke yi wa baƙar ƙasarta: ta koma sabulu. Tahir, da ya riga su tasowa da kaya, suka cim masa a mararraba ya tsaya yana ɗaga hannu. Hanya ɗaya ta zagaya ta kan tsakuwa ta shiga gari ta baya. Ɗayar ta bi kan gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, ta fito daidai filin da jama'a suka taru.

"Ku bi ta tsakuwa!" in ji Tahir. "Gaɓa ta jiƙe, ko jakina ba ya bin ta yau."

"Shi ya sa shi jaki na, ni Usta," in ji Abdulmuttalib. Ta baya? Wa zai gan shi ta baya? Ya murɗa sitiyari ya hau gaɓa, ya ƙure lasifika.

Motar ta fara rawa. Gaba na son gabas, baya na son yamma. Alhaji ya ƙanƙame jarka ya fara karanta duk addu'ar da ya koyo a Makka.

"Kada ka damu, Baba Alhaji, wasa nika yi da ita."

"Bari wasan, ɗana. Na tsallake teku lahiya, kada in ƙare cikin tur'a."

Ga gari ya bayyana. Maza sun yi sahu da fararen kaya, mata na guɗa, ana buga mandiri. Indo na gaba-gaba da sabon mayafi, ta kawo har Ɗiyar Baba ta ɗaure a gefen fili, wai ita ma ta tarbi mai gidanta na farko. Saniya ta ɗaga kai, ta hango ɗanyen karan dawa yana tahowa da kansa, lodi guda. Ta fizge igiya ta hau gaɓa a guje, ta tsaya a tsakiyar hanya tana lasar baki.

Tun jiya Usta yake buge duk abin da aka sa masa a gaba. Wannan ne abu na farko da ya kauce wa da zuciya ɗaya, don ya san in saniyar nan ta karye, jingina ta karye, aurensa ma ya bi su. Ya murɗe sitiyari iya ƙarfinsa, ya nemi birki ya taka mai. Motar ta juya a hankali, cikin natsuwa, ta gangara ta zauna a tur'a. Tsulum!

Guɗa ta tsaya a maƙogwaro. Lasifika ta yi gargarar ruwa ta mutu. Ruwan bai wuce ƙugu ba, amma ya cika motar har kujera. Sai ga Alhaji ya leƙo ta taga, hular nan a karkace, ya ɗaga jarkar zamzam sama da hannu biyu.

"Ku karɓi wanga tukuna! Kada shi gauraya!"

Samari suka faɗa ruwa. Tahir, da ya iso ta hanyar tsakuwa lafiya lau da jakinsa, shi ya goyo tsohonsa ya fito da shi. Haka Alhaji Sa'id ya shigo garinsu daga Makka, a bayan ɗansa, jallabiya na ɗigar laka. Ɗiyar Baba kuwa ta gangara bakin ruwa ta miƙa wuya tana cin adon motar, tana janye koren yadi ɗaya bayan ɗaya, duk lotsin da aka ɓoye yana fitowa fili.

Usta ya fito tsamo-tsamo, rawani a wuya. Ya share fuska ya ce, "Jama'a, kun ga gwaninta? Da wani direba na, da ya kashe saniyar."

Bai rufe baki ba aka ji ƙarar babur. Hashim ne, Iya Lami a bayansa ta riƙe shi gam. Ashe tun da safe ta hau motar kasuwa ta tafi karɓar sabuwar randarta, ta kuma ba shi labarin alherin da motarsa ke yi a gari, har da katangar Alamin. Hashim ya sauka, ya tsaya a gaɓa ya daɗe yana kallon abin da ya rage na motarsa. Bai yi ihu ba. Igiya kawai ya kwance daga bayan babur.

Kafin ya yi magana jama'a sun yi masa layi, wannan da bakin tukunya, wancan da ƙafar gado, Alamin da bulo guda a hannu don shaida.

"Ku saurara," in ji Hashim. "Kamfani yana biyan hatsari, bayan 'yan sandan hanya sun zo sun gani. Wanda ya ɗauko kayansa ya ajiye a gaban mota yana yafito ta, wannan ba hatsari ba ne, gayyata ce. Randar tsohuwar nan kaɗai zan iya kai maganarta."

Alamin ya dubi bulon hannunsa, ya dubi inda katangarsa take da. "To ni yau da mi za ni rufe gidana?"

"Tambayi Usta."

"Motar fa?" in ji Tahir, yana murmushin mugunta. "Wa ka biya mata?"

"Na ba shi shamil ya ce na masu koyo ne. Na ba shi na hanyar ƙauye ya ce laka ta san shi. Ga shi kuwa sun gaisa." Hashim ya nufi Ɗiyar Baba da igiya. "Wannan ce shamil ɗinsa."

Indo ta sha gabansa kamar an harbo ta. "Ina za ka da igiya, bawan Allah?"

"Saniyar Usta zan ɗauka. Ita ya jinginar."

"Saniyar wa?"

Indo ta juya a hankali. Idonta ya ciko. "Abu Rayan, sunanka kac ce ka bari. Yaushe sunanka yaz zama Ɗiyar Baba?"

"Indo, ki gane, dabara ta kasuwanci..."

"Nonon da ɗiyarka ka sha kaj jinginar don a tafa maka gindin dalbejiya?"

Usta ya yi wuƙi-wuƙi, ya juya ga Hashim, don bakinsa bai san ranar hutu ba. "To tsaya, ya zol. Da na buge saniyar, ai kamfani zai biya ta, ko? Ka ga ke nan na yi musu tanadi."

"Da ta wani ce, sai a duba. A takardar kamfaninmu matarka ba mutum na uku ba ce, gida ɗaya kuke."

"Wanga mai sauƙin gyara na," in ji Indo. "Baba, a share mini ɗakina na da."

Nan fa Usta ya ji sanyin ruwan tur'a ya kai masa har ƙashi.

Alhaji Sa'id, da aka zaunar a kan tabarma ana matse masa jallabiya, ya ɗaga hannu. "Ba wanda za shi koma ɗakin da. Malam Hashim, saniyar ga ni nab ba ɗiyata, ba shi da ko gashin wutsiyarta. Ba ya jinginar da abin da ba nashi ba. Amma kai ma ba a cuce ka. Bar saniya, ɗauki shi."

Hashim ya dubi Usta daga rawani har takalmi ɗaya da ya rage masa, ya dubi saniya. "Alhaji, ita tana ba da nono. Shi me yake bayarwa?"

"Labari," in ji Tahir.

Har Alhaji sai da ya dara. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa Usta zai riƙa wanke motocin Hashim har gyara ya biya, da sharaɗin ba zai taɓa makulli ba. Indo kuma, don girman mahaifinta da ya sa baki, ta yarda a riƙa kai wa Hashim nonon safe, saniya dai tana gidanta. Katangar Alamin kuwa Usta zai kwaɓa mata laka ranar Juma'a ta sama bayan an sauko daga masallaci, tunda sun san juna da laka. Tarakta ta zo ta ja motar, ruwa na zuba ta kowace ƙofa.

Washegari da sassafe Usta ya fito da garwar nono, ya tarar da Tahir ya ɗaura karo. Ya hau, ya miƙa hannu zai karɓi linzami.

"A'a," in ji Tahir. "Jakina shamil gare shi, kuma sharaɗin kampani shi na kada ka taɓa. Koma baya ka riƙe garwa."

Suka bi ta gaban dalbejiya, masu shayi suka miƙe suna ɗaga masa hannu. Usta ya gyara zama a kan buhun albasa ya ce musu kamfanin ne ya ga gwanintarsa ya ɗauke shi aiki, yanzu duk motocin Managil sai sun bi ta hannunsa kafin su hau hanya.

Da yamma ya dawo, hannuwa sun yi fari don sabulu, baya ya ƙage. Ya tarar Indo ta tatsi nonon yamma ta dafa shayi, tsakar gida cike da baƙin Alhaji. Ta zuba wa mahaifinta da madara har ya yi kauri. Ta zuba wa Rayan, ta zuba wa Iya Lami, ta zuba wa Tahir, har Alamin ya samu. Ta zo kan Usta ta tsiyaya masa baƙin shayi, ta ɗauke kwanon madara.

"Indo, kin manta madarata."

"Ban manta ba, Abu Rayan. Kai kaz zaɓa da bakinka, gaban shaida: a biya kowa, ban da mai shi. Sha, kada shi huce."